Idan Babu Jam'iyyar Da Ta Samu Rinjaye, Wa Ke Kafa Gwamnati?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ko sabis bai ba su damar sauraren murya ba. Ina gaida masu saurarenmu na Jega da Aliero da Maiyama, da 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kudu suna bibiyarmu ta waya.

Tun watan Yulin 2025, da wasu manyan 'yan adawa suka taru a ƙarƙashin jam'iyyar ADC suna shirin 2027, kalmar haɗaka ta cika bakin mutane. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku kuwa, wani ya rubuto ta da harshenmu na gida, ya ce: "To in anka yi zaɓe ba wanda yas samu rabi, mi za a yi? Sake zaɓe za a yi, ko raba mulkin za a yi?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin ƙasar nan da na maƙwabtanmu. A taƙaice: ya danganta da irin tsarin da ƙasa ke bi, amma ko wane tsari ne, maganar tana ƙarewa ne a teburin ciniki. Abin da ya shafe mu, mu masu jefa ƙuri'a, shi ne a kan me aka yi cinikin, kuma a fili aka yi shi ko a ɗaki.

Bari mu fara da ita kanta kalmar rinjaye, domin abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai wanda ya fi kowa yawa, akwai kuma wanda ya haura rabi. Ɗauki majalisar dokokin jiharmu ta Kebbi mai kujeru 24. A ce, misali kawai, jam'iyya ta farko ta ci 11, ta biyu ta ci 9, ta uku ta ci 4. Ta farko ta fi kowa, babu musu. Amma kafin ta zartar da kasafin kuɗi ko ta zaɓi kakaki idan kowa ya halarta, sai ta samu 13. Idan mai 9 da mai 4 suka haɗa kai, sun zama 13, mai 11 ta koma kallo. Kun ga a nan mai kujera 4, wadda ta zo ta ƙarshe, ita ce kowa zai yi wa sallama da dare.

Manoman albasa na Aliero sun san wannan lissafin tun kafin 'yan siyasa. Mutum uku, kowa na da buhuna, amma babu wanda kayansa za su cika tirela zuwa Kudu. Dole a haɗa lodi. Kafin mota ta tashi sai an zauna: nawa kowa zai biya, wa zai bi mota, wace kasuwa za a sauke, in kaya suka lalace a hanya asarar wa ce. Mai buhu kaɗan ma yana da baki, domin in ya janye mota ba ta cika ba. In an yi wannan magana tun a gida, a gaban shaidu, ana rabuwa lafiya. In an ce a tafi kawai ma yi magana a can, to a can ɗin ne ake faɗa. Kafa gwamnatin haɗin gwiwa haka yake.

Yanzu tsarin mulki. Iri biyu ne manya. Akwai tsarin firaminista, irin na Ingila da Indiya da Jamus, inda jama'a ke zaɓen 'yan majalisa, gwamnati kuma ta fito daga cikin majalisar. Firaminista yana kan kujera ne muddin fiye da rabin 'yan majalisa ba su juya masa baya ba. Ranar da suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, gwamnati ta faɗi. Akwai kuma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, irin na Amurka da namu na yanzu, inda ake zaɓen shugaba daban, majalisa daban.

A tsarin firaminista, in babu mai rinjaye, hanyoyi huɗu ne aka saba bi. Ta farko, jam'iyyu biyu ko fiye su haɗu su raba ministoci, wato gwamnatin haɗin gwiwa, wadda gidajen rediyo kan kira gamin gambiza. Haka aka yi a Ingila a 2010: jam'iyyar David Cameron ta gaza kai kujeru 326 da ake bukata cikin 650, ta jawo jam'iyyar Nick Clegg mai kujeru 57, aka ba shi mataimakin firaminista, cikin kwana biyar aka gama. Ta biyu, babbar jam'iyya ta yi mulki ita kaɗai, wata ƙarama ta yi alkawarin mara mata baya a kan kasafin kuɗi da ƙuri'ar yanke ƙauna, ba tare da ta karɓi minista ba. Theresa May ta yi haka a 2017 da jam'iyyar DUP mai kujeru 10 kacal, ita kuma DUP ta karɓo wa yankinta na Ireland ta Arewa ƙarin kuɗi fam biliyan ɗaya. Ku riƙe wannan misalin, za mu dawo kansa. Ta uku, manyan abokan hamayya su haɗiye fushi su zauna tare, a kira ta gwamnatin haɗin kan ƙasa. Afirka ta Kudu ke nan a 2024, inda ANC ta samu kujeru 159 cikin 400, karon farko da ta rasa rinjaye tun 1994, ta haɗu da DA mai 87 da wasu ƙananan jam'iyyu, Ramaphosa ya ci gaba da mulki. Ta huɗu, in duk an kasa, a koma rumfar zaɓe. Wani lokaci kuma abin kan ja: Beljiyam ta yi kwana 541 daga 2010 zuwa 2011 ana ciniki, tsohuwar gwamnati na riƙon ƙwarya.

To mu dawo gida. Da yawa daga cikinmu matasa ba mu san cewa gwamnatin da ta karɓi 'yancin Najeriya gwamnatin haɗin gwiwa ba ce. A ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen majalisar wakilai mai kujeru 312, lokacin muna bin tsarin firaminista, garuruwan nan namu kuma suna ƙasar Gwandu a lardin Sakkwato. Ana bukatar 157. NPC ta Sardauna ta samu 134. NCNC ta Azikiwe da abokiyar ƙawancenta NEPU ta Malam Aminu Kano suka samu 89. AG ta Awolowo da abokanta suka samu 73. Sauran kujerun suka tafi ga ƙanana da 'yan takara masu zaman kansu. Babu wanda ya kai.

Ku yi lissafin da kanku: 89 a tara da 73, 162 ke nan, ya haura 157. Ma'ana NCNC da AG za su iya kafa gwamnati su bar NPC a adawa, duk da ita ce ta fi kowa kujeru. Awolowo ya nemi a yi hakan, ya yarda Azikiwe ya zama firaminista. Amma NCNC ta zaɓi NPC. Akwai tsohuwar rashin jituwa tsakaninta da AG a siyasar Yamma, akwai kuma tsoron cewa in jam'iyyun Kudu biyu suka haɗe suka ware Arewa, ƙasar ba za ta kai ranar 'yanci a dunƙule ba. Gwamna-Janar Sir James Robertson ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Aka raba: Tafawa Ɓalewa firaminista, Azikiwe shugaban majalisar dattawa, daga baya Gwamna-Janar a Nuwamban 1960, Festus Okotie-Eboh na NCNC ministan kuɗi, Muhammadu Ribaɗu na NPC ya riƙe tsaro. Awolowo ya zama jagoran 'yan adawa.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya a wannan ciniki ita ce NEPU. A Arewa babbar abokiyar gabarta ita ce NPC, magoya bayanta sun sha ɗauri da duka saboda aƙida. Sai ga shi babbar yayarta NCNC ta shiga gwamnati da NPC ɗin, NEPU ta tsinci kanta a ɓangaren gwamnati a Legas, a gida kuma tana adawa. Darasin farko ke nan: ƙaramin abokin ƙawance da ba ya kan tebur lokacin ciniki, shi ake sayarwa.

Auren bai daɗe ba. Rikicin ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ya raba su, domin yawan mutane shi ke yanke yawan kujeru. Kafin zaɓen Disamban 1964 kowa ya sake miji: NPC ta haɗu da NNDP ta Akintola aka kira su NNA, NCNC ta koma wa AG da NEPU da UMBC aka kira su UPGA. Zaɓen ya zo da ƙaurace wa rumfuna da zargin maguɗi, har Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba. Aka lallaɓa aka sasanta. Shekara ɗaya bayan nan, 15 ga Janairu 1966, sojoji suka yi juyin mulki.

Wannan ɗanɗanon na cikin dalilan da suka sa da za a dawo mulkin farar hula a 1979 aka sauya tsari, aka ɗauko na shugaban ƙasa. Aka ce shugaba ya samu ƙuri'arsa kai tsaye daga jama'a, kada kujerarsa ta dogara da cinikin 'yan majalisa. Aka kuma sa sharaɗin yaɗuwa: bayan ka fi kowa ƙuri'a, sai ka samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Nan take sharaɗin ya haifi rigima. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya samu kusan kashi 20 cikin 100. Biyu bisa ukun 19 nawa ne, 13 ko 12 da biyu bisa uku? Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari a watan Satumban 1979. Iyayenmu da suka yi zamanin NPN a tsohuwar jihar Sakkwato, lokacin Gwamna Shehu Kangiwa, har yau in ka ce musu sha biyu da biyu bisa uku sun san zancen.

Shagari ya hau, amma majalisa ba tasa ba ce. A majalisar wakilai NPN na da 168 cikin 449. A majalisar dattawa tana da 36 cikin 95. Ba zai iya tabbatar da minista ko ɗaya ba, ballantana kasafin kuɗi, in sauran suka haɗe masa kai. Sai ya nemi NPP ta Azikiwe, mai wakilai 78 da sanatoci 16. Aka ƙulla yarjejeniya. NPN ta ɗauki shugaban majalisar dattawa, Joseph Wayas, NPP ta ɗauki kakakin majalisar wakilai, Edwin Ume-Ezeoke, da mataimakin shugaban dattawa da wasu kujerun ministoci. A watan Yulin 1981 yarjejeniyar ta watse. Abin lura, da jam'iyya ta ce ministocinta su fito, ba duka suka fito ba. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi wa Azikiwe takarar mataimaki, ya ci gaba da zama ministan harkokin waje. Gwamnati ba ta faɗi ba, domin a wannan tsarin janyewar abokin haɗaka ba ta sauke shugaba. Ta dai ƙara masa wahalar majalisa.

In kuna son ganin abin da ke faruwa idan an ƙi ciniki ɗungurungum, ku dubi Kaduna a wannan zamanin. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna a 1979, NPN ta mamaye majalisar jiha. Ya kai sunayen kwamishinoni, suka ƙi. Ya sake kaiwa, suka sake ƙi. Ya yi kusan shekara biyu yana mulki babu majalisar zartarwa, daga ƙarshe suka tsige shi a watan Yunin 1981. Wasu na ganin ya tsaya kan aƙida ne, wasu na ganin da ya sassauta da talakan da yake kare wa ya fi amfana. Ko wanne ka ɗauka, lissafin kujeru ne ya yi hukunci.

Tsallaka iyaka ta Kamba zuwa Nijar, can ma akwai darasi, domin su nasu tsarin na wancan lokacin ya haɗa biyun: ga shugaban ƙasa zaɓaɓɓe, ga firaminista da sai majalisa ta yarda da shi. A 1993 MNSD ta Tandja Mamadou ta fi kowa kujeru, 29 cikin 83, Tandja kuma ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Sauran jam'iyyu suka haɗa ƙawancen AFC mai kujeru 50, suka mara wa Mahamane Ousmane baya a zagaye na biyu, ya ci. Aka raba uku: Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye na Dosso shugaban majalisa. Abin da ya haɗa su shi ne kada MNSD ta ci. Da aka cim ma wannan, sai aka rasa abin da ya rage a tsakani. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wa MNSD. Aka rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka yi rinjaye, dole Ousmane ya naɗa Hama Amadou firaminista. Aka shiga zaman 'yan marina, shugaba da firaminista kowa da inda ya sa gaba, har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Haɗakar da ƙin mutum ɗaya kaɗai ya ɗaure ta, ranar da aka kayar da shi igiyar ke kwancewa.

To yau, me dokarmu ta ce? Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya haura rabi ba idan 'yan takara sun fi biyu. Abu biyu ya nema: ya fi kowa yawan ƙuri'u, ya kuma samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Shi ya sa a 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙuri'u miliyan 8.79, kusan kashi 37 cikin 100, Atiku Abubakar na da miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Kusan mutum biyu cikin kowane uku da suka yi zaɓe wani suka zaɓa, amma doka ta cika. Maganar ko dole ne a samu kashi 25 a Abuja, Kotun Ƙoli ta rufe ta a Oktoban 2023, ta ce Abuja kamar sauran jihohi take a wannan lissafi.

In babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, sai a je zagaye na biyu cikin kwana 21. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba lallai na ɗaya da na biyu ne za su kara ba. Wanda ya fi kowa ƙuri'a zai kara ne da wanda, cikin sauran, ya ci jihohi mafi yawa. Tun 1979 ba a taɓa kaiwa ga wannan zagayen ba a zaɓen shugaban ƙasa. Amma ranar da aka kai, waɗannan kwanaki 21 za su zama babbar kasuwa, domin na uku da na huɗu su ne masu raba gardama. Na gwamna ma haka yake a sashe na 179: a Kebbi, ka fi kowa ƙuri'a, ka samu kashi 25 a ƙananan hukumomi 14 cikin 21.

Kada mu haɗa wannan da inkonkulusib. Abin da ya faru da mu a zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 daban ne. An soke zaɓe a wasu rumfuna, tazarar da ke tsakanin Nasir Idris na APC da Aminu Bande na PDP kuma, kimanin dubu 45, ba ta kai yawan masu zaɓen waɗannan rumfunan ba. Shi ya sa INEC ta ce bai kammala ba, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu a rumfunan da abin ya shafa kawai, Nasir Idris ya tashi da 409,225, Bande da 360,940. Wancan cikon zagayen farko ne, duk 'yan takara na kan takarda. Zagaye na biyu kuwa sabon zaɓe ne a ko'ina, tsakanin mutum biyu.

Saboda dokarmu tana ba wanda ya fi yawa duka kujerar, 'yan siyasarmu sun koyi yin haɗakarsu kafin zaɓe. APC kanta haka aka haife ta a 2013: ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama ɗaya, INEC ta yi mata rajista lokacin ɗan garinmu Farfesa Attahiru Jega na shugabanta. Kafin nan 'yan adawa sukan rarraba ƙuri'unsu PDP na wucewa. Da suka haɗa lodi a mota ɗaya, 2015 ta ba su.

Bayan zaɓe kuma cinikin yana komawa majalisa. A 2015 Bukola Saraki ya zama shugaban majalisar dattawa da taimakon sanatocin PDP, ba da son shugabannin jam'iyyarsa ba, Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakinsa. A 2023 kuwa APC ba ta kai kujeru 181 da ake bukata cikin 360 na majalisar wakilai ba. In ka tara PDP da LP da NNPP da sauran ƙanana, sun fi ta. A takarda za su iya naɗa kakaki. Amma ranar 13 ga Yuni 2023 Tajudeen Abbas na Zariya ya samu ƙuri'u 353. Yaya aka yi? An bi gwamnoni, an bi shugabannin jam'iyyu, an bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma shugabancin kwamitoci da ake rabawa. Haɗaka ce aka yi, sai dai babu wata takardar yarjejeniya da aka fito da ita aka ce wa talaka ga abin da aka amince za a yi maka.

Akwai kuma hanyar da muka fi ƙwarewa a kai, sauya sheƙa. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Wannan togaciyar ita ce ƙofar da kowa ke bi. A nan Kebbi, PDP ce ta ci kujerun sanata uku a 2023, har da ta Kebbi ta Tsakiya da ta haɗa Jega da Aliero da Maiyama, inda Sanata Adamu Aliero ya ci. A watan Mayun 2025 su ukun suka koma APC. Kowa na da ra'ayinsa a kan haka, kuma ba shari'ar kowa na zo yi ba. Bambancin kawai nake so mu gane. A haɗaka, ƙaramar jam'iyya tana nan da sunanta, tana da sharuɗɗanta, in an saɓa ta fice. A sauya sheƙa, an shige gaba ɗaya, kuma wanda ya yi layi a rana ya jefa ƙuri'a ba a tambaye shi ba.

To ina ruwanmu, mu matasa? Ku tuna DUP da kujerunta 10. Ba ta nemi minista ba, ta nemi kuɗin hanyoyi da asibitoci na yankinta, aka rubuta, aka sa hannu, aka buga kowa ya karanta. A Jamus yarjejeniyar haɗaka littafi ce guda mai shafuka sama da ɗari, 'yan jarida na bin ta layi-layi suna tambayar me aka cika me aka bari. Mu a nan, daga 1959 zuwa yau, abin da muka fi ji bayan kowace yarjejeniya shi ne wa ya samu wace kujera.

Ni a ganina haɗaka ba abin kunya ba ce. Ƙasa mai yawan al'umma irin tamu, hannu ɗaya ba zai ɗauki jinkarta ba, kuma gara 'yan siyasa su yi ciniki da baki da a ce sojoji su raba musu gardama. Abin da ya kamata mu ƙi shi ne cinikin da ba mu san farashinsa ba. Duk wanda ya zo mana da maganar haɗaka, ko ta adawa ko ta masu mulki, mu yi masa tambayoyi huɗu. Me ya haɗa ku ban da son kayar da wane? Kun rubuta, kuma za mu iya gani? In kun saɓa, wa zai raba ku, ta wace hanya? Sannan a cikin abin da kuka rubuta, ina rumbun adana albasar da manomin Aliero ke kallo tana ruɓewa kafin farashi ya tashi, ina maganar ambaliyar da ke cinye shinkafar fadamun Jega, ina hanyar da manomin ƙauyukan Maiyama zai fito da amfaninsa, ina aikin yi ga ɗaliban da jami'ar Aliero ke yayewa kowace shekara?

Kuma mu ma kanmu mu koyi lissafin mai kujera huɗu. A mazaɓar da ake cin zaɓe da tazarar 'yan ɗaruruwa, ƙungiyar matasa ko ta manoma ko ta mata da ke da ƙuri'u ɗari biyar a dunƙule tana da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. In kowa ya je shi kaɗai, abin da zai samo bai wuce kuɗin mai da atamfa ba, bayan rantsuwa kuma a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta. In an je tare, da bukatu uku ko huɗu a rubuce, aka sa ɗan takara ya sa hannu a gaban dattawan gari, aka ɗauki hoto aka ajiye, to bayan shekara huɗu akwai abin da za a ɗauko a ce: Ranka ya daɗe, ga abin da ka sa wa hannu, wanne ka yi? Wannan duka ba zai yiwu ba sai da katin zaɓe a hannu, don haka wanda bai da shi ya nema, wanda ya yi rajista bai karɓa ba ya je ya karɓa.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ke da dattijo a gida da ya ga zamanin NEPU da NPC, ko na NPN da PRP, ya zauna da shi ya tambaye shi yadda aka yi a garinsu, ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba. A tura wa abokai su ma su karanta. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.